Sunana a Kan Faifan Ɗan Maraɗi

Ranar walimar kammala karatun Maryam, Faisal ya miƙe a gaban baƙi ya ce babansa ne ya koya wa kwamfuta Hausa a garin Makka. Aka yi ta Masha Allah, ni kuwa na sunkuyar da kai ina juya finjalin gahawa, mutane suka ɗauka kunya ce. Kunyar ce kam, amma ba irin wadda suke zato ba. Mahaifiyarku tana ɓangaren mata, da labari ya kai mata sai ta aiko mini saƙo a waya: "Har yanzu, Malam?" Wannan saƙon ne ya zaunar da ni rubuta wannan babi. Da gangan kuma na rubuta shi da Hausa. Na san ku, ku ukun, Larabci ya cinye muku harshe, in aka ce ku karanta shafi guda na Hausa sai kun yi gumi kamar masu hawan Jabalin Nur. To ku yi gumin, mutumin da zan ba ku labarinsa ya cancanci fiye da haka.

A shekarar da nake magana ina da ɗan shago a unguwar Aziziyya, a ƙasan wani gidan alhazai, ina gyaran kwamfuta. Da sana'ar gyaran rediyo da talabijin na zo daga Kano, kwamfuta a nan na tsince ta da girma, kuma sanin da na yi mata na sama-sama ne. In ta ƙi tashi in buɗe, in hure ƙura, in canja abin da ya ƙone, in ta sake ƙi in ce wa mai ita ajali ne. Bayan kowane aikin Hajji otal-otal sukan zubar da tsofaffin kwamfutocinsu, ni kuma in sa a kwaso mini don in riƙa cirar kayan gyara. Cikin masu dakon da suka kawo mini su a wannan shekara akwai wani dogo, siriri, mai shekara talatin da 'yan kai, kowa Ɗan Maraɗi yake ce masa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma wanda ba shi da takarda a garin nan ba ya yawo da sunansa na yanka. Ya sauke kaya, maimakon ya tafi sai ya tsaya yana kallona ina zagin wata kwamfuta da ta yi mini taurin kai.

"Maigida, wagga ba ta mutu ba," ya ce. "Kaya aka aza mata da sunka hi ƙarhinta."

"Dako aka ɗauke ka ko ba da fatawa?" na ce masa.

"Dako ne. Amma in ka bari, gobe bayan la'asar in zo in tashe ta."

Na ce ya zo, don kawai in ga ƙarshen ƙarya. Ya zo da wani faifai a naɗe cikin hankici, ya zura, ya yi ta danne-danne, kafin a kira magariba kwamfutar da na yi wa sallar gawa tana gudu kamar sabuwa. A fuskarta ga hoton wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara, mai tumbi, wanda mahaifiyarku har yau agwagwa take ce masa. Ashe mutumin malamin kwamfuta ne a wata makaranta a Maraɗi. Mahaifiyarsa ya kawo Umra, ta kwanta ciwo ta rasu, aka binne ta a nan, ƙafarsa ta ƙi komawa. Yana tura keken tsofaffi a Harami, yana dako, in Hajji ya zo ya je Arfa wanke tukwane a tantuna.

Kowace kwamfuta tana da abin da muke ce wa nizam a shago, wato babbar manhajar da ke tuƙa ta, in babu ita akwatin ƙarfe ce kawai. Nizam ɗin da na sani na kamfani ne, a kulle yake, kuma kowace shekara ƙara nauyi yake har tsohuwar na'ura ta durƙusa. Wanda ke kan faifan Ɗan Maraɗi kuwa ba shi da ubangida. Ya ba ni tarihinsa muna shan shayi a bakin shago, kuma ban taɓa mantawa ba. Ya ce wasu mutane ne suka shekara da shekaru suna ƙera sassansa don kowa ya amfana, sai zuciyar abin ta rage ba a gama ba. Can wani ɗalibi a wata ƙasa mai sanyi a arewacin Turai ya zauna a ɗakinsa ya rubuta zuciyar, ya saka a intanet, ya ce duk mai iyawa ya ɗauka ya gyara. Sharaɗi guda ne: ka ɗauka, ka canja, ka raba, ko sayarwa za ka yi ba a hana ka ba, amma kada ka kulle wa na bayanka. Na ce wannan ai waƙafi ne, irin rijiyar da ake haƙawa a bakin hanya. Ya yi dariya ya ce to Maigida ya gane, ya ci jarrabawa.

"Ka san yadda anka yi sunan?" ya ce. "Shi ɗalibin wani suna daban ya zaɓa, don shina ganin sa sunanshi yabon kai ne. Abokinshi da ke riƙe da wurin ajiyar abin ga intanet, shi ya ƙi, ya laƙa ma abin sunan mai shi. Da haka suna ya bi shi."

Na ce lallai wannan aboki ɗan halak ne. Ku riƙe wannan magana tawa, don da bakina na faɗe ta.

Na ba shi ɗakin saman bene, wanda yanzu kuke tara tarkace a ciki, kuma daga ranar tukunyarmu ta zama tasa. Da safe ya tafi neman abincinsa, bayan azahar ya dawo shago. A wata huɗu ya koya mini abin da ban koya a shekara goma ba, kuma bai taɓa gyara mini kuskure a gaban mai kawo gyara ba, sai ya jira mutum ya fita. Tsofaffin kwamfutocin nan muka tashe su ɗaya bayan ɗaya, muka riƙa bayarwa ga matan unguwa masu koyar da yara a gida. Daga nan ne tunani ya zo masa. Ya ce tunda an halatta mana mu canja, me zai hana mu rage wa abin nauyi, mu sa masa Hausa da Larabci, mu sa masa ƙa da ɗa da ɓa masu lanƙwasa, yadda tsoho zai rubuta wasiƙa ba tare da ya roƙi kowa ba?

Aikin fassarar da mahaifiyarku aka yi shi, wannan ma ba ku sani ba. Yakan rubuto kalmomi a takarda in kai mata kicin, ta duba tana tuƙa tuwo, ta soke wanda bai yi mata ba. In ya rubuto Hausar Maraɗi ta ce wannan sai dai a can, in ni na sa baki ta ce Hausata ta kasuwar Sabon Gari ce, in koma gefe. Wata rana sun yini suna aike a kan ko "ajiye" za a sa ko "adana", ina hawa bene ina sauka kamar ɗan aike, har na yi fushi na ce su sa duka biyun su bar ni in huta. A ƙarshe ita ta yi nasara, kamar yadda aka saba a gidan nan.

Aka gama a watan Zulƙida, alhazai sun fara cika Aziziyya. Shawararsa ita ce mu buga abin a faifai mu raba wa alhazan Najeriya da Nijar da Gana kyauta, su tafi da shi gida tare da zamzam da dabino. Sunan da ya zaɓa Tsaraba. Ya faɗa mini sau biyu, ya faɗa wa mahaifiyarku, ta ce ya yi. Ranar da aka gama buga kashin farko ya tafi Harami tura keke, ya bar ni da tarin faifai farare da alƙalami mai baƙin tawada, ya ce in rubuta suna. Ga ni a mazaunin wancan aboki mai riƙe da wurin ajiya, wanda na ce ɗan halak ne. Na ɗauki na farko, na daɗe ina kallonsa, sai na ga hannuna ya rubuta "Na Garba". Garban nan kuwa ni ne. Na ce wa raina ai don mutane su san shagon da za su dawo in abu ya lalace. Na ce ai aikin mutum marar iƙama bai kamata a riƙa tambayar wa ya yi ba. Duk waɗannan dalilai gaskiya ne, amma ba su ne suka riƙe alƙalamin ba. Shekara ashirin ina mai gyaran rediyo, na so a ce ni ma na ƙera wani abu.

Ya dawo da la'asar, ya ɗauki faifai ɗaya ya karanta, ya juya bayansa kamar mai neman ragowar rubutu. Na fara zuba masa dalilaina tun bai tambaya ba.

"Rubutun Maigida na da kyau," ya ce.

"Kai ma ka san halin da kake ciki. Kare ka nake yi."

"Na sani. Bari in sa shi ga fuskar ordinatar ma, kada sunan ciki da na waje su saɓa."

Da hannunsa ya cire Tsaraba ya sa Na Garba, yadda duk wanda ya kunna kwamfuta sunana zai fara gani. Ina tsaye a kansa ya yi, ban hana shi ba.

Faifai ya tafi. Kafin a hau Arfa wani mutum ya shigo shagon, Ustaz Adil, Bahaushe ne haifaffen nan, jikan waɗanda suka zo Makka a ƙafa, yana kula da gidajen alhazai na wani kamfani. Ya ga abin a kwamfutar wani malamin alhazai, ya biyo suna har ya same ni. Hausarsa rabi da rabi ce.

"Ya ammi Garba, wallahi hada shugul mai kyau," ya ce. "Muna son mutumin da ya yi shi ya riƙe mana kwamfutocin gidajenmu kullaha. In kai ne, mu mayar da kafalarka wurinmu, mu zama iyayen gidanka a takarda. In wani ne, hatta yana Afirka, mu aika masa biza. Min ya yi?"

Ɗan Maraɗi yana bayan labule a lokacin, yana kwance wata na'ura. Tsakaninmu da shi bai fi taku huɗu ba.

"Ni ne," na ce.

Ustaz ya ce tayyib, bayan Hajji in zo ofis. Ya fita, na leƙa bayan labule, mutumin nan yana ta ɗaure noti kamar ba a yi magana ba. Ko da Ustaz zai iya daidaita masa takarda ko ba zai iya ba, Allah ne masani, don hanyar ba mai sauƙi ba ce. Abin da na sani shi ne ni na rufe ƙofar tun kafin a gwada ta.

Na kai wa mahaifiyarku labarin a matsayin albishir. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, in sun ce ka gyara abin a gabansu fa?"

"Ai yana nan. Ni a gaba, shi a baya, kowa ya amfana."

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan."

"Hajiya, ki iya bakinki. Don wa nake yi in ba don 'ya'yanki ba?"

"Kada ka sa 'ya'yana a ciki. Ba su ce ka ciyar da su da sunan maraya ba. Ka je ka faɗa wa mutumin nan gaskiya, yau ba gobe ba."

Na yi faɗa, kun san ni, na buga ƙofa na fita. Kwana uku ba na cin abincinta da daɗi. A rana ta huɗu na yarda a raina cewa ita ke da gaskiya, amma girman kai ya ce in bari sai an sauko daga Arfa, lokacin kowa ya natsu, in kama hannunsa mu je ofis tare. Ban faɗa masa ba, na so ya zama abin mamaki. Ranar bakwai ga wata ya ɗaura ɗan ƙunshinsa zai tafi aikin tukwane, ya tsaya a ƙofar shago ya ce in riƙa kashe kwamfutar bayan labule da rana, don tana zafi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a garin Makka. A hanya aka tare motarsu ana duba takardu. Aka ɗauki hoton yatsunsa, bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgi, da sharaɗin ba zai sake shigowa ba sai bayan shekaru.

Mahaifiyarku ba ta ce "na faɗa maka" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Bayan Hajji na je ofishin Ustaz Adil ni kaɗai na ce masa ƙarya na yi, wanda ya yi aikin an mayar da shi gida. Ya dube ni ya ce, "Leish ya ammi? Da ka faɗa tun ranar." Ya ba ni shayi, ya raka ni ƙofa da mutunci, ba mu sake maganar aiki ba. Na koma shagona, a nan na tsufa, kuma ban taɓa jin an zalunce ni ba.

Wata biyu bayan haka na zauna a kwamfutar bayan labule ina lalube, sai na ci karo da wata takarda a cikin nizam ɗin, inda masu wannan aiki suke jera sunayen waɗanda suka sa hannu. Al'adarsu ce, ba a goge na gaba, ƙarawa ake yi a ƙasa. Sunayen Turawa da Indiyawa da wasu da ban iya karantawa ba, duk ya bar su yadda ya same su. A ƙasa ya ƙara layi biyu. Na farko: "Hajiya Rakiya, ita ta zaɓi kalmomin Hausa." Na biyu: "Malam Garba, shi ya ba da ɗaki da wuta da abinci." Na duba sama na duba ƙasa, nasa sunan babu. Na rufe shago da rana tsaka na hau ɗakin saman bene na yi kuka, ni da gemuna.

Sai da na shekara ina cigiya wurin alhazan Nijar kafin na sami lambarsa. Na kira shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya buɗe ɗan wurin gyara a Maraɗi, ya yi aure. Na shirya jawabi mai tsawo, amma da na ji muryarsa abin da ya fito kawai shi ne, "Na ci amanarka."

"Haba Maigida. Wa ya ba ni ɗaki lokacin da nike kwana bakin shagunan mutane? Wa ya kai ni kabarin tsohuwata da mota ranar Salla?"

"Ka ji abin da na faɗa wa Ustaz ranar nan?"

"Na jiya. Ya yi mini zahi, ba ni ɓoye maka. Amma ya wuce." Sai ya fashe da dariya. "Bari in ba ka labari. Wani alhaji ya kawo mini ordinatar tashi, na kunna sai ga Na Garba. Ya ce in yi a hankali, wanga aikin wani babban malami ne na Makka, ba na yara ba ne."

"Me ka ce masa?"

"Na ce in sha Allahu ina kiyayewa."

Na ce masa zan tattara abin in canja suna, in sa Tsaraba, ko in sa nasa. Ya ce a'a. Ya ce abin ya riga ya shiga Kano da Damagaram da Kumasi, mutane sun kwafa sun ba wasu, wasu ma sun gyara abin da ya manta, kuma yaron da aka riga aka raɗa wa suna aka ci ragonsa ba a sake masa wani. Na nace, na ce to me zan yi masa, don ba zan iya zuwa gaban Allah da wannan kaya ba.

"To ka hwaɗa ma ɗiyanka," ya ce. "Su kaɗai. Ya ishe ni."

Na ce zan faɗa. Muka ci gaba da gaisawa duk Salla, har shekara uku da suka wuce matarsa ta kira ta ce ya rasu bayan gajeriyar jinya. Bai sake ganin Makka ba. Ni kuwa alkawarin nan kullum ina cewa sai kun ƙara girma, sai kun gama makaranta, sai an yi auren wance, har kuka girma kuna alfahari da abin da ba nawa ba, ina jin daɗi ina yin shiru.

Na gode wa Allah da Ya haɗa ni da shi, na gode wa mahaifiyarku da ba ta taɓa bari ƙaryar ta kwanta mini daidai ba. Duk abin da kuka ci a gidan nan tun daga wannan shekara, da ilimin da ya bar mini a hannu na nemo shi. Faisal, aikin da kake taƙama da shi yau a kan kwamfutar bayan labule ka fara shi. Maryam, 'yar Hausar da kike iya karantawa a fuskar abin da ya ƙera kika koye ta. Usman, kai ba ka ma san fuskarsa ba, kana goye ya tafi. Ba ni da hotonsa ko ɗaya da zan nuna muku, marar takarda ba ya son a ɗauke shi hoto.

Sunansa Ilyasu, ɗan Mamman Lawali da Hajiya Hassana, mutumin Maraɗi. Shi ya yi Na Garba, tun daga farko har ƙarshe. In kun je ɗawafi ku ambace shi da wannan suna, kada ku ce Ɗan Maraɗi.